Mun kashe ƙararrawar mai da hannunmu, sannan mu ce ƙaddara ce

1/ Zare ne mai tsawo, kuma na san wasu za su ji haushina, musamman masu motocin haya na wajenmu, har da kawuna da ke karanta ni a ɓoye. Ku yi haƙuri. Magana ce a kan wani ɗan ƙarfe a cikin inji wanda za ka iya damƙe shi a tafin hannu, da yadda ya tsayar da mu mu tara a hanyar Sheme gab da magariba. 🧵

2/ Ni ɗan Ƙanƙara ne, ina aji uku a ABU Zariya, injiniyan kanikanci nake karantawa. Dangin mahaifiyata suna Faskari, yayata tana aure a Sabuwa. Ma'ana rabin rayuwata a cikin Golf 3 na yi ta, wata rana a gaba mu biyu, wata rana a but tare da buhun masara. Don haka ba ji-ta-ji-ta zan ba ku ba.

3/ Hutun da ya wuce aka yi mana rasuwa a Faskari, Inna ta ce in je in wakilce ta. Na fito tasha bayan la'asar, na tarar da Golf saura mutum ɗaya, aka ba ni gaba. Ina zama na ga an manna baƙin salatif a dashbod, daidai kan fitilar mai. Na gani, na gane ko mene ne, na yi shiru. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

4/ Mun yi nisa tsakanin Ƙanƙara da Sheme sai inji ya fara wani ƙwas-ƙwas-ƙwas daga ƙasa, kamar ana buga guduma cikin tukunya. Direba ya sassauta, ya ce ba komai. Ba a yi minti biyu ba mota ta mutu. Ya murɗa makulli, ta ƙi. Muka tura, ta ƙi. Daji hagu, daji dama, waya ba sabis.

5/ Wanda bai san hanyar nan ba ba zai gane shirun da muka yi ba. Wata baiwar Allah mai goyo ta cire 'yan kunnenta ta jefa cikin ciyawa, wai kada a ɗauka matar mai kuɗi ce. Wani dattijo ya ce mani, "Yaro, in da katin makaranta a aljihunka, rabu da shi." Na cusa katin a safa hannuna na rawa.

6/ Mun kai minti 40 a wurin kafin wata Kanta mai ɗauke da masara ta tsaya ta ja mu zuwa Sheme. Alhamdulillahi ba wanda ya fito mana. Muna sauka kowa ya kama cewa, "Ƙaddara ce, ai mota ba ta da tabbas." Ni ma na taya su. Amma daren nan ban runtsa ba, salatif ɗin nan kawai nake gani.

7/ Bayan sadakar uku na bi sawun motar har garejin da aka kai ta. Na gaida mai garejin, na ce, "Oga, ni ɗalibi ne, don Allah in za a buɗe injin nan a bar ni in gani." Ya yi dariya ya ce, "Zo ka ga abin da ba a koya maku a Samaru." Kuma wallahi na gani.

8/ Bari in yi bayani a sauƙaƙe. A injin Golf 3 mai bawul takwas, ban da karanshaf na ƙasa da kamshaf na sama, akwai wani shaf na uku a gefen bulok. Shi ne shaf ɗin tsakiya. Taimin bel ne ke juya shi, shi kuma yana juya distirbuta da famfon baƙin mai. In ya samu matsala, man da ke raya inji gaba ɗaya ya samu matsala.

9/ Shaf ɗin nan yana kwance ne a kan bushin guda biyu a cikin bulok, na gaba da na ciki, mai yana shiga tsakaninsu ta wata 'yar huda. Na gaban shi ke ɗaukar nauyin jan bel. A motar da ta tsayar da mu, bushin ɗin gaba ya ciye, ya ɓarɓashe kamar ɓawon gyaɗa. Da yatsa Oga ya kankaro shi ya zuba mani a hannu.

10/ Me ya cinye shi? Wanda ya canza taimin bel ya ɗaure shi tamau kamar tsarkiyar garaya, wai don kada ya tsallake haƙori. Alhali ƙa'idar injin fetur irin wannan ita ce ka kama bel da yatsu biyu tsakanin kamshaf da shaf ɗin tsakiya, ya iya murɗuwa kwata ɗaya, wato digiri 90. In ya ƙi murɗuwa, ka matse shi da yawa.

11/ Bushin na ciyewa, mai sai ya riƙa zurarewa ta wurin maimakon ya isa metal ɗin karanshaf da ƙarfinsa. Inji ya yi zafi, mai ya tsinke, ƙarfin ya ƙara faɗuwa. Metal ya bushe, ƙarfe ya hau kan ƙarfe. Ƙwas-ƙwas ɗin da muka ji ke nan. Abin da muke cewa "inji ya buga".

12/ To ga inda raina ya ɓaci. Motar nan ta faɗa. Waɗanda suka ƙera Golf 3 sun sa mata fitilar mai, sun kuma sa mata ƙararrawa: in inji ya haura juyi 2,000 a minti kuma ƙarfin mai bai kai ba, sai ta kama ƙara. Direban da bakinsa ya ce mani ta fi wata ɗaya tana wannan ƙarar, musamman in ta ɗau zafi.

13/ Ya faɗa wa mai mota. Mai mota ya ce a lallaɓa zuwa bayan kaka. Fasinjoji suka fara ƙorafin ƙarar. Sai aka je wurin mai wayarin ya haɗa wayar da bodi, ƙara ta ɗauke. Fitila ta ci gaba da ƙyaftawa, aka manna mata salatif. Aka zuba mai mai kauri. Shi ke nan, wai an yi gyara.

14/ Ku ƙirga da ni. Wanda ya matse bel, ɗaya. Mai motar da ya ce a lallaɓa, biyu. Mai wayarin, uku. Direban da ya manna salatif, huɗu. Wanda ya ba ta layi ta yi lodi, biyar. Hannun mutum biyar ne a cikin tsayuwar nan. Fisabilillahi da wane baki za mu tattara duka mu ce ƙaddara?

15/ Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kada wani ya juya mani magana. Amma a islamiyya ba a koya mani cewa tawakkali shi ne ka ji gargaɗi ka toshe mashi baki ba. Hausawa suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Mu kunne ya ji, sai muka biya kuɗi aka yanke waya.

16/ Yanzu bari in ɗan fitar da ku daga Ƙanƙara, za ku ga dalili. Da na koma makaranta na shiga karatu a kan shaf ɗin tsakiya, sai na tarar ashe mafi shaharar rigimarsa a duniya a motar masu kuɗi take: Porsche, motar tsere ta Jamus. Su suna ce mashi IMS, kuma sunan kaɗai yana hana masu motar barci.

17/ Daga wajen 1997 zuwa 2008, Porsche Boxster da 911 masu injin da ake kira M96 da M97 suna da shaf ɗin tsakiya a ƙarƙashin karanshaf. Da sarƙa ake juya shi, shi ma da sarƙa yake juya kamshaf. A ƙarshensa na wajen giya an sa boris mai ƙwallaye, rufaffe, da girisinsa a ciki.

18/ Da shekaru suka tafi, robar da ta rufe boris ɗin takan saki, giris ya wanke, ƙwallaye su fara cin juna. Ranar da ya watse, taimin ya goce, fistin ya daki bawul, ɓarɓashin ƙarfe ya bi mai ya zaga inji. Inji guda ya tafi saboda boris ɗaya, kuma sake shi yakan haura dala 10,000.

19/ Masu motocin a Amurka ba su ce ƙaddara ba. Sun haɗu sun kai kamfanin kotu, aka yi sulhu a 2013 kan motocin 2001 zuwa 2005. Alkaluman da aka riƙa ambatawa daga shari'ar sun nuna boris mai layi ɗaya yana watsewa a kusan mota 8 cikin 100, mai layi biyu kuwa ƙasa da 1. A injin da ya fito a 2009, kamfanin ya cire shaf ɗin gaba ɗaya.

20/ Ga yadda suke canza shi. A sauke giya, a cire kuloci da falayiwil. A juya inji a kulle karanshaf a inda fistin na farko ya kai ƙololuwa, a kulle kamshaf, a sassauta abin da ke matse sarƙa. Sannan a kwance murfin boris, a zaro tsohon da na'urar ja, a danna sabon a miƙe. Kuskure ɗaya, taimin ya goce.

21/ Kafin ma a taɓa komai, makanike na ƙwarai zai buɗe filtar mai da tukunyar ƙasan inji ya duba ko akwai ƙyalƙyalin ƙarfe. In akwai, ya san aikin gama ya gama, sabon boris kaɗai ba zai ceci injin ba. Kuma da yake sai an sauke giya, yawanci suna haɗa aikin da canjin kuloci, a biya kuɗin hannu sau ɗaya.

22/ Abin da nake so ku lura da shi: motar da ake yi wa wannan aiki lafiyarta lau. Tana tashi, tana gudu, ba ƙara ba hayaƙi. Boris ɗin Porsche sau da yawa ba ya ba da wani gargaɗi. Duk da haka mutum zai biya a sauke giyar motar da ba ta yi komai ba, saboda haɗarin 8 cikin 100.

23/ Kuma me zai rasa in ta watse mashi a hanya? Kuɗi. Zai tsaya gefen titi, ya kira motar ja, ya sha shayi yana jira. Mu namu injin yana ihu wata guda yana cewa ku duba ni, a hanyar da tsayuwar minti goma kan iya zama wata uku a daji da sayar da gonar gado. Waye ya fi buƙatar gyara kafin lalacewa, shi ko mu?

24/ Kada mu yi kamar ba mu san inda muke ba. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta ce a zaga ta Funtuwa. A Satumba aka kashe sabis a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomi.

25/ Duk ɗan yankin nan ya san lissafin: kar ka bi 'Yankara da yamma, kar ka baro Ɗandume zuwa Sabuwa a makare, tambayi hanya kafin ka tashi. Mun ƙware a wannan. Muna tambayar lafiyar hanya sau goma, amma ban taɓa jin fasinja ɗaya ya tambayi lafiyar injin da zai bi hanyar da shi ba.

26/ Na san abin da za a ce a ƙasa. "Kana ɗora wa talaka laifi, matsalar tsaro ce, aikin gwamnati ne." Na yarda ɗari bisa ɗari: laifin sata yana kan ɓarawo, nauyin tsare hanya yana kan hukuma. Wanda aka ɗauka bai yi laifi ba ko da tayarsa ce ta fashe. Ba zan daina faɗar haka ba.

27/ Amma ni ban da ikon korar ɗan bindiga daga daji. Kai ma haka. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu kai mashi mutum tara har bakin hanya saboda bushin. In muna zagin hukuma kan sakaci da rayukanmu, to mu ma a tambaye mu wanda muke yi a gareji.

28/ Na biyu za a ce, "Ba kuɗi." Wannan na ji shi daga bakin kawuna, yana da Golf biyu a kan hanya. Na ce, "Kawu, ka sa a auna ƙarfin man motocin nan." Ya ce, "Kai ɗan nan, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ka san nawa ke saura bayan an sha fetur? In na ajiye mota kwana biyu, gida uku ne ba su ɗora tukunya ba."

29/ Gaskiya ya faɗa, ban musa mashi ba. Direba kullum sai ya kawo balas, ko mota na tari ko ba ta yi. Kayan gyara sun yi tsada, ga jabu ya cika kasuwa, ka aika Ƙofar Ruwa ko Panteka ba ka da tabbacin abin da za a kawo maka. Golf 3 kuwa tun 1991 aka fara yin ta, ƙaramarsu ta haura shekara 25.

30/ Sai dai lissafin nasa bai cika ba. Mai motar da ta tsayar da mu ya guje wa kuɗin bushin da kwana biyu a gareji. Yanzu karanshaf ya ci, metal ya tafi, ana maganar sayen inji ɗan Beljiyam, mota ta yi makonni a kan dutse. Balas nawa ke nan? Talauci dalili ne na kula da inji, don talaka ne ba shi da kuɗin sayen wani.

31/ Kuma aikin ba sihiri ba ne. A cire bel da fulin shaf, a kwance murfin gaba, a ɗaga distirbuta, a zaro shaf. A fitar da tsohon bushin, a danna sabo, a tabbata hudarsa ta yi daidai da hanyar mai ta bulok, in ba haka ba ka toshe mashi mai da hannunka. Na cikin yakan sa a sauke inji. Kanikawanmu sun iya.

32/ Sun iya fa. Oga ɗin da ya nuna mani bai yi jami'a ba, amma da kunne yake gane abin da ni sai na buɗe littafi. Matsalarsa ita ce in ya ce a buɗe inji, mai mota zai ce yana neman cin kuɗinsa, ya tafi wurin wanda zai yanke waya. Mu ne muka mayar da makanike mai gaskiya marar kasuwa.

33/ Ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ke buƙatar kasafin Abuja. Shugabannin tasha: kafin mota ta yi lodin Sheme ko Faskari ko Sabuwa, a murɗa makulli. Fitilar mai ta kama, a tada inji ta mutu. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. In ta ƙi mutuwa, akwai matsala. Daƙiƙa goma ne. Wadda ta faɗi ba ta lodi.

34/ Kuna karɓar kuɗin layi kullum. A ware wani abu a yi adashin gyara, direban da motarsa ta fara ƙarar mai ya samu rancen kwana biyu maimakon salatif. A sayi agogon auna ƙarfin mai ko guda ɗaya ne a kowace tasha. Masu duba motoci a hanya, KASSAROTA da FRSC, ku leƙa dashbod kamar yadda kuke leƙa takardu.

35/ Kanikawa da masu wayarin, iyayena da yayyena: duk wanda ya ce ku kashe ƙararrawar mai, ku ce a'a. Wataƙila ƙanwarka ce za ta hau motar ranar kasuwar Sheme. In kun canza taimin bel, ku gwada shi da yatsu, ku rubuta kwanan wata da fenti a murfinsa, tunda agogon kilomita na yawancin motocin nan ya daɗe da mutuwa.

36/ Masu mota: juye a kan lokaci, da mai na gaske, ba na kwalba da ba a san asalinsa ba. Mai mai kauri da maganin da ake zubawa ba sa mayar da ƙarfen da ya ciye, ɓoye ciwon kawai suke yi. Direba ya ce maka mota na ƙarar mai, to ka ɗauka ya ce maka ɗanka na zazzaɓi.

37/ Sai mu matasa na dandalin nan. Kullum muna faɗan Benz ta fi BMW, muna ɗora hoton Porsche da ba mu taɓa gani ido da ido ba. Amma motar da ke kai mu gida hutu, nawa ne cikinmu suka san alamar fitilar manta? 'Yar buta ce ja mai ɗigo a baki. Yau ka sani. Ba ka da uzuri kuma.

38/ Na ce zan dawo kan salatif. Cikin mutum tara a motar nan, ni kaɗai nake karanta injiniya. Ni ne a gaba, shi yana gabana. Na yi shiru don ina sauri, don kada a ce ɗan boko ya zo da iyayi, don kada in rasa kujerar gaba. Da an ɗauke matar nan da jaririnta, ni ne hannu na shida.

39/ Shi ya sa na rubuta wannan. Yanzu duk motar da zan hau sai na leƙa dashbod. Sau biyu na sauka, aka yi mani dariya a tasha, wani kamasho ya ce "injiniya ya tsorata". Eh na tsorata. Na san yadda daji yake in inji ya yi shiru. Kawu kuma ya kai ɗaya daga cikin motocinsa an auna, saura ɗayar, kuma ba zan ƙyale shi ba.

40/ In kana da ɗan'uwa direba, ko makanike, ko mai mota a layin Ƙanƙara, Funtuwa, Faskari, Ɗandume da Sabuwa, karanta mashi wannan ko ka tura mashi. Kanikawan da ke nan, in na yi kuskure a bayanin inji ku gyara mani a ƙasa, ɗalibi ne ni. Allah ya tsare matafiya, ya dawo da waɗanda ke hannu, ya ba yankinmu lafiya. Amin.